Holly Springs 1878: waɗanda suka haƙa kaburburan gari, su aka hana ƙuri'a

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanaki da muke maganar Amurka bayan yaƙin basasa, Hajiya Rabi ta ce ta gaji da labarin shugabanni da manyan birane, a kawo ƙaramin gari guda mu ga yadda abin ya taɓa talaka. To Hajiya, ga shi na kawo.

Holly Springs gari ne na auduga a arewacin jihar Misisipi, hedkwatar gundumar Marshall, tafiyar kimanin kilomita 70 daga birnin Memfis. Yaƙi ya ƙare a 1865, bayi suka sami 'yanci. A 1866 cocin Methodist ya buɗe wa 'yantattun bayi makaranta a garin, ita ce Kwalejin Rust ta yau. A 1870 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 15, wanda ya haramta hana mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. Kuma abin ya yi aiki na ɗan lokaci. James Hill, wanda aka haifa cikin bauta a wannan gunduma, ya riƙe muƙamin sakataren jiha daga 1874 zuwa 1878.

A zaɓen 1875 'yan jam'iyyar Dimokurat, wadda a lokacin ita ce jam'iyyar tsofaffin masu bayi, suka ƙwace jihar da bindiga da barazana. Gwamna Adelbert Ames ya roƙi gwamnatin tarayya ta turo soja, ba a turo ba, ya sauka a 1876. Shekara 3 bayan wannan zaɓe, a bazarar 1878, zazzaɓin shawara ya shiga garin. Mutanen gari wajen 3,500 ne. Kimanin 1,400 suka kamu, 304 suka mutu. Duk mai kuɗin jirgin ƙasa ya gudu. Mafi yawan waɗanda suka rage baƙaƙen fata ne, su suka yi jinya, suka ɗebo ruwa, suka haƙa kabari. Shekara 12 bayan haka, a 1890, jihar ta rubuta sabon tsarin mulki da ya raba su da ƙuri'a kusan gaba ɗaya.

Tambayata ga gida: annobar tana da hannu a ƙwace ƙuri'ar, ko masifu biyu ne daban suka sauka a gari ɗaya?

Maman Khalifa:
Wa'alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, wannan shawarar ita ce dai wadda ake yi wa yaranmu riga-kafinta a wata 9? Na ɗauka ciwon Afirka ne. Me ya kai ta Amurka?

Dakta Zainab:
Ita ce, Maman Khalifa. Asalinta daga nahiyarmu ne, kuma jiragen ruwan cinikin bayi ne suka tsallaka da ita, da ƙwayar cutar da sauron da ke ɗaukarta. Sauron shi ne Aedes aegypti, ɗan ƙarami baƙi mai farin zane a ƙafafu, mai cizo da rana. Ba ruwan fadama yake so ba. Ruwa mai tsabta na cikin gida yake nema ya yi ƙwai, irin na randa da ganga da tankin tara ruwan sama. Garuruwan kudancin Amurka kuwa a lokacin cike suke da irin waɗannan tankuna.

Ciwon yakan fara da zazzaɓi da ciwon kai da na baya. Bayan kwana 3 ko 4 sai ya lafa, har majiyyaci ya tashi zaune ya nemi abinci, 'yan uwa su yi murna. Mafi yawa daga nan suke warkewa. Amma wasu yakan dawo musu, ya kama hanta da ƙoda, ido da fata su yi rawaya, fitsari ya tsaya, mutum ya riƙa amai baƙi ƙirin saboda jinin da ya zuba a ciki. Idan aka kai nan, sai ikon Allah.

A 1878 likitoci ba su san da sauro ba. Sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce mai tasowa daga ƙazanta da wuri mai dausayi. Shi ya sa suke ƙona kwalta a titi, suna zuba farar ƙasa a lungu. Sai a 1881 likita Carlos Finlay na Kyuba ya ce sauro ne, aka yi watsi da maganarsa, har tawagar Walter Reed ta tabbatar a 1900. Wannan rashin sani ne ya ja wa Holly Springs. Garin yana kan tudu, manyansa suka amince cewa mugunyar iska ba ta hawa can. Da cutar ta ci garin Grenada da ke kudu da su a kan layin dogo ɗaya, wasu garuruwa suka tsare hanya da bindiga, su kuwa suka buɗe ƙofa ga masu gudu. Baƙin suka zo da cutar a jininsu, sauro kuma dama yana nan yana jira.

Ɗan Maraɗi:
Subhanallah. Nan take hadisin annoba ya faɗo mini, wanda ya ce idan kun ji ta a wata ƙasa kada ku shiga, idan ta same ku a ciki kada ku fita don gudu. Da mutanen Grenada sun zauna, da wataƙila Holly Springs ta tsira. Amma ni ban iya zargin waɗanda suka buɗe ƙofa. Maƙwabci ya zo da 'ya'yansa cikin dare yana kuka, wa zai iya kora?

Kabiru Injiniya:
Malam Habibu, da girmamawa, ni ina ganin ana neman ɗora wa annoba abin da ba nata ba. Sauro bai san fari ko baƙi ba. In ma lissafi za a bi, fararen fata sun fi mutuwa nesa ba kusa ba. A Memfis sama da mutum 5,000 suka mutu a wannan shekara, sama da 4,000 farare ne, alhali baƙaƙe ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rage a birnin. A Holly Springs ɗin ma akwai fararen da suke da halin gudu suka ƙi. Sistocin Katolika 6 da ke koyarwa a makarantar Bethlehem sun mutu suna jinya, tare da limamin cocinsu, Fada Oberti. Lauya Harvey Walter ya tura iyalinsa waje, ya zauna da 'ya'yansa maza 3, duk huɗun suka mutu. Editan jarida W.J.L. Holland da ya shugabanci kwamitin agaji shi ma ya rasu. Kada ƙin zalunci ya sa mu danne wa waɗannan mutane haƙƙinsu.

Malam Habibu:
Injiniya, babu mai danne musu. Sun yi jarunta, kuma duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Zan ma ƙara maka ɗaya: Kinloch Falconer, wanda ya gaji James Hill a kujerar sakataren jiha bayan 'yan Dimokurat sun karɓi mulki, ɗan garin ne, ya koma gida ya yi aikin agaji, ya mutu a watan Satumba. Amma ka lura da yadda sunayen nan suka zo maka a sauƙaƙe. Yanzu kawo mini sunan mutum 5 cikin baƙaƙen da suka ɗauki waɗannan gawawwaki zuwa maƙabarta. An mayar da ginin kotun gari asibiti, majiyyata kwance a ƙasa. Wa ke kwashe amai, wa ke wanke zannuwa? Mutanen da shekara 3 kacal kafin nan aka tsorata su a bakin akwatin zaɓe.

Hajiya Rabi:
Ni zan ba ka suna ɗaya, Malam, shi ma don 'yarsa ta zama sananniya ne aka san shi. James Wells, kafinta, mahaifin 'yar jarida Ida B. Wells. A rayuwar mutumin nan kaɗai za ka ga duk abin da kake tambaya.

Tun yana bawa aka kai shi koyon sana'a wurin wani magini mai suna Spires Bolling. Bayan 'yanci ya ci gaba da yi masa aiki, iyalinsa kuma suna zaune a filin gidan maigidan. Da zaɓe ya zo, Bolling ya ce masa ya zaɓi Dimokurat. Ku tuna a lokacin babu ƙuri'ar sirri, jam'iyyu ne ke buga takardunsu, kowa yana ganin wadda ka jefa. James ya jefa wa Rifablikan, jam'iyyar da 'yantattun bayi ke goyon baya a lokacin. Yana dawowa ya tarar an garƙame shagon da yake aiki. Bai roƙi kowa ba. Ya shiga gari ya sayi sababbin kayan aiki, ya kama hayar wani gida, ya kwashe matarsa da 'ya'yansa. Daga baya har ya shiga cikin amintattun makarantar da Malam ya ambata.

Wannan mutum ne a 1878 ya ƙi gudu. Yana zagayawa wurin marasa lafiya, yana kuma ƙera akwatunan gawa, don kafinta a irin wannan lokaci ba ya hutawa. Shi da matarsa Elizabeth suka kamu, suka rasu kusan lokaci ɗaya, jaririnsu Stanley ma ya bi su. Ida tana ƙauye wurin kakarta, shekararta 16. Aka ce kada ta koma, ta hau jirgin kaya ta koma. Abokan mahaifinta suka taru za su raba yaran gida-gida, yarinyar nan ta miƙe ta ce ba za a raba su ba. Ta tsawaita riga don ta yi kama da babba, ta ci jarrabawar koyarwa, ta kama aiki a makarantar ƙauye. Ranar Juma'a ta hau alfadari ta dawo gari, ta yi wanki da girki na mako, ranar Lahadi ta koma. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na dubi 'yata mai shekara 16, in ji zuciyata ta karye.

Maman Khalifa:
Allah sarki. Anti Rabi, ita ce wadda aka fitar daga jirgin ƙasa da ƙarfi?

Hajiya Rabi:
Ita ce. A 1884, bayan ta koma Memfis, don ta ƙi tashi daga taragun da ake keɓe wa farare. Ta kai ƙara ta ci, aka ba ta dala 500, Kotun Ƙolin jihar Tenesi ta soke hukuncin a 1887. A 1892 aka kashe abokinta Thomas Moss da abokan kasuwancinsa 2 ba tare da shari'a ba, ta fara bin diddigin irin wannan kisan gilla tana bugawa, har aka farfasa ofishin jaridarta.

Barista Sani:
In amsa tambayar Malam kai tsaye: a'a, annoba ba ita ta ƙwace ƙuri'a ba. An fara ƙwacen kafin ta zo. An yi kashe-kashe a Vicksburg a ƙarshen 1874, an yi a Clinton a Satumban 1875, sojan tarayya kuma suka janye daga harkar kudu a 1877. Abin da aka yi a 1890 shi ne mayar da aikin bindiga aikin takarda, domin su kansu sun gaji da maguɗi da zubar da jini duk zaɓe.

Ku ga yadda aka tsara shi, don a nan wayon yake. Gyara na 15 ya hana ambaton launi, saboda haka babu inda aka rubuta baƙi ko fari. Sai aka sa harajin kai na dala 2 a shekara, kuma sai ka nuna ka biya na shekara 2 da suka wuce. Manomin da ke noma gonar wani a raba amfani, wanda yakan ƙare shekara da bashi a kantin maigida, ina zai ga dala 2, balle ya adana rasit? Aka ce sai ka shekara 2 a jiha, shekara 1 a mazaɓarka, alhali irin waɗannan manoma kullum cikin ƙaura suke. Aka jera laifuffukan da ke soke ƙuri'ar mutum, aka sa sata da ƙona dukiya da auren mace fiye da ɗaya, amma ba a sa kisan kai ba, sai a 1968 aka ƙara shi. Sun zaɓi laifuffukan da suke ganin an fi kama baƙaƙe da su.

Babban makamin shi ne jarrabawar karatu. Sai ka karanta wani sashe na tsarin mulkin jiha, ko in an karanta maka ka yi bayanin da ya gamsar. Wa zai gamsu? Magatakardan rajista, shi kaɗai, kuma farar fata ne. Jahilin fari ya zo a karanta masa layi mai sauƙi a ce ya ci. Malamin makaranta baƙi ya zo a buɗe masa sashe mai sarƙaƙiya a ce bai gane ba. Zuwa 1892, cikin baƙaƙen maza kusan 147,000 da suka isa zaɓe a jihar, waɗanda ke cikin rajista ba su kai 9,000 ba. A 1898, a shari'ar Williams da Misisipi, Kotun Ƙolin Amurka ta ce tunda rubutun dokar bai ambaci launi ba, babu laifi. Kuma daga rajistar zaɓe ake ɗibar masu taya alƙali yanke hukunci, don haka wanda ya rasa ƙuri'a ya rasa kujera a kotu ma.

Kabiru Injiniya:
To ai Barista ya gama magana. Abu biyu ne daban, kamar yadda na ce.

Malam Habibu:
Ya amsa rabi ne, Injiniya. Na yarda annoba ba ita ce sanadi ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Akwai tunanin da mutane da yawa ke da shi, har a cikin baƙaƙen wancan zamani, cewa idan ka nuna amana, ka tsaya wa gari ranar wuya, za a karɓe ka a matsayin ɗan gari. Shekarar 1878 ta gwada wannan tunani gwaji mafi tsanani. Sun tsaya. Gidajen da masu su suka kulle suka gudu, su suka tsare. Da sanyi ya sauko a ƙarshen Oktoba ya kashe sauro, masu gida suka dawo suka karɓi makullansu, kuma babu abin da ya canja a siyasar gari. Yaran da suka ga wa ya binne iyayensu su ne manya a 1890.

Memfis ma ta nuna haka ƙarara. Da 'yan sandanta suka mutu ko suka gudu, sai aka ɗauki baƙaƙe aikin ɗan sanda, rundunonin sa-kai na baƙaƙe kuma suka tsare birnin daga 'yan wasoso. A 1879 birnin ya tsiyace, jiha ta soke majalisarsa, aka miƙa shi ga 'yan kwamiti kaɗan. Wakilcin unguwa-unguwa, wanda ta nan ne baƙaƙe da talakawan 'yan Ailan ke samun kujera, ya tafi. A nan kam annoba ta buɗe wa masu kuɗi ƙofa. 'Yan sandan nan baƙaƙe kuma aka yi ta rage su har suka ƙare kafin ƙarnin ya fita.

Dakta Zainab:
Bari in koma kan alƙaluman Injiniya, don akwai abin da ke ɓoye a ciki. Gaskiya ne baƙaƙe sun fi tsira da rai. Amma sun kamu, dubbai a Memfis. Tun zamanin bauta ake yaɗa cewa baƙar fata ba ya kamuwa da shawara, kuma da wannan ake kafa hujjar cewa shi ya dace da aikin gona a ƙasa mai zafi. Ranar annoba sai maganar ta zama dalilin tura shi ɗakin majiyyaci da bakin kabari, a kuma sa shi a ƙarshen layi wurin magani. Abin da muka tabbatar a likitance shi ne wanda ya taɓa yin ciwon ya warke ba ya sake yi. Batun ko akwai kariya ta gado, har yau masana suna jayayya a kai. James Wells dai baƙi ne, matarsa baƙa ce, ga inda suka ƙare.

Yaya Nura:
Ina bin ku a hankali daga nan Memfis. Na je Holly Springs ɗin da iyalina. Gidan Bolling ɗin da Hajiya ta ambata yana nan, gida ne na katako mai hawa biyu da dogayen ginshiƙai a gaba, kuma yanzu shi ne gidan tarihin Ida B. Wells. Gidan mutumin da ya kulle wa ubanta shago, sunanta ne a jikin allon ƙofa. Tsohon cocin Katolika shi ma ya zama gidan tarihin waɗanda suka mutu a annobar. A maƙabartar Hill Crest akwai dutsen tunawa da sistocin da limaminsu. A nan kuma aka binne Hiram Revels, baƙar fata na farko da ya shiga majalisar dattawan Amurka a 1870. Yarana sun tsaya suna karanta shekarun da ke jikin duwatsu, 1878 sai maimaituwa take yi.

Ɗan Maraɗi:
Dakta, na taɓa jin cewa allurar riga-kafin nan daga jinin wani mutumin Gana aka samo ta. Haka ne?

Dakta Zainab:
Haka ne. Sunansa Asibi. A 1927 masu bincike na gidauniyar Rockefeller, waɗanda ke da ɗakin gwaji a Yaba ta Legas, suka ɗebi jininsa yana fama da ciwon, kuma ya warke. Daga ƙwayar da aka samu a jininsa Max Theiler ya samar da allurar 17D a 1937, ya karɓi kyautar Nobel a 1951. Ita ake yi har gobe, sau ɗaya ta isa tsawon rai. Kuma kada a ɗauka ciwon ya wuce, ya ɓulla a Bauchi a 2019. Wanda bai yi wa yaransa ba ya kai su.

Kabiru Injiniya:
Na ji batun Memfis, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma Memfis a Tenesi take, ba Misisipi ba, kuma babban birni ce. A Holly Springs ban ga inda annoba ta canja dokar zaɓe ko ta harafi ɗaya ba. Ina nan a kan bakana. Sannan Barista, ka tsallake wani abu mai ɗaci: akwai baƙar fata a taron rubuta tsarin mulkin 1890 ɗin, kuma ya goyi bayan dokar.

Barista Sani:
Ban tsallake don ɓoyewa ba. Isaiah Montgomery, shi kaɗai ne baƙi a zauren, kuma ya amince. Kafin mu shiga nan, ga ƙarshen lissafin ga mai so. A 1964, lokacin da ɗalibai masu fafutuka suka buɗe ofishi a Holly Springs kusa da Kwalejin Rust suna koya wa mutane cike takardar rajista, baƙaƙen Misisipi da ke da rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 ta dakatar da jarrabawar karatun, zuwa 1967 suka kusan kai kashi 60. Garin bai sami magajin gari baƙar fata ba sai 1989, Eddie Lee Smith.

Hajiya Rabi:
Shekara 111 bayan annobar ke nan. Malam Habibu, shi wannan Montgomery me ya kai shi? Tsoro ne ko sayen sa aka yi?

Malam Habibu:
Maganarsa doguwa ce, Hajiya, kuma ba ta da sauƙin yanke hukunci. An haife shi bawa a gandun Joseph Davis, yayan Jefferson Davis shugaban 'yan awaren kudu. A 1887 ya kafa Mound Bayou, gari na baƙaƙe zalla, kuma da yawa suna ganin don ya kare garin nan ne ya sallama ƙuri'ar sauran. Wasu kuma tun a lokacin suka kira abin cin amana. Barista, ka nemo mana abin da ya faɗa a zauren taron, ni kuma in haɗa tarihin garin nasa, mu buɗe masa zare na daban bayan sallar Juma'a in sha Allah.